Yadda Ake Ƙera Kolimeta, Matatar Hasken Kyamarar Gamma

Kyamarar waya tana da gilashi mai lanƙwasa haske ya tattara shi wuri guda, shi ya sa hoto yake fitowa tangaran. Kyamarar gamma da ake amfani da ita a asibiti ba ta da wannan gata, domin gilashi ba ya lanƙwasa hasken gamma, ratsa shi yake yi ya wuce. Hal Anger ne ya ƙirƙiro wannan kyamara a Amurka a ƙarshen shekarun 1950.

Mene ne aikin kolimeta?

Ana yi wa majiyyaci allurar sinadari mai fitar da hasken gamma, galibi teknetiyom-99m, sai hasken ya riƙa fitowa daga jikinsa ta ko'ina. Kolimeta faranti ne mai kauri da ke gaban kyamara, cike da dubban ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. Hasken da ya taho a miƙe ne kaɗai yake bi ta ramin, wanda ya zo a karkace bangon rami ya shanye shi. A cikin ƙwayar haske 10,000, kusan ɗaya ce take wucewa. Faɗin rami yakan kai milimita 1.5, bangon da ke tsakani kuma wajen milimita 0.2.

Hanya ta farko: naɗe fallen dalma

Ana murza dalma ta zama falle siriri, inji ya lanƙwasa shi kamar kwanon rufi, sannan a jera fallayen a manne su har ramuka masu kusurwa shida su fito. Hanyar tana da sauƙin kuɗi, kuma bango yana yin siriri sosai. Matsalarta ita ce mahaɗa: in fallaye biyu ba su haɗu daidai ba, haske zai zurara ta tsakaninsu.

Hanya ta biyu: zubi

Ana kafa dubban siraran sandunan ƙarfe cikin mazubi, a kwarara narkakkiyar dalma a kansu. Dalma tana narkewa a digiri 327. In ta daskare sai a zare sandunan, gurbinsu ya zama ramuka. Babu mahaɗa, kuma ana iya yin bango mai kauri, irin wanda ayodin-131 yake buƙata. Ƙarfin haskensa 364 keV ne, na teknetiyom kuwa 140.

Hanya ta uku: bugun 3D

Tangistan ya fi dalma tare haske saboda nauyinsa, giram 19.3 a kowane santimita kubik, dalma kuwa 11.3. Sai dai ba ya narkewa sai a digiri 3,422, don haka zubinsa da wuya. Mafita ita ce a shimfiɗa garinsa, leza ta narka inda zanen kwamfuta ya nuna, a sake shimfiɗa wani a kai, hawa-hawa. Da haka ake samun ramuka masu siffar da zubi ba zai iya ba.

Me ya sa ingancin ƙira yake da muhimmanci?

Dalma tana da laushi. Bugu kaɗan zai iya lotsa ramuka, sai tabo ya bayyana a hoto wanda babu shi a jikin mutum, likita ya ɗauka ciwo ne. Shi ya sa ma'aikata suke ɗora farantin kobal-57 mai fitar da haske bai-ɗaya a kan kolimeta, su ɗauki hoto. Duk inda ya yi duhu ko layi, akwai lahani a wurin.