Yadda Ake Karɓar Roƙon Dangi a Ƙasar Mayahi

Duk wanda Allah ya hore wa ɗan abin hannu daga cikin ƴan ƙasar Mayahi, ko malamin makaranta ne a Tasawa, ko ɗan cin rani ne a Kano ko Agadas, ya san cewa da zarar damina ta yi nisa, rumbuna sun yi ƙasa, gero kuwa bai nuna ba tukuna, wayarsa ba za ta huta ba. Daga Kananbakashe a kira, daga Isawan a kira, kowa da uzurinsa, galibi kuma uzurin gaskiya ne.

Aikin farko ana yinsa ne tun kafin a kira. Ranar da kuɗi suka shigo, mutum ya zauna shi kaɗai ya fitar da nafaƙa, wato haƙƙin waɗanda shari'a ta ɗora masa ciyar da su, waɗanda a mazhabar Malikiyya, kamar yadda Risalar Ibn Abi Zaid ta bayyana, su ne matarsa da ƴaƴansa ƙanana da iyayensa idan matalauta ne. Ƙane da kawu da aboki suna da haƙƙin zumunci, mai girma ƙwarai, amma ba wajibi ɗaya ba ne da na farko, kuma jahilcin wannan bambanci ya hana tukunya tafasa a gidaje da dama. Bayan nafaƙa sai ya ware rabon zumunci na watan, jaka goma ko ashirin gwargwadon ƙarfinsa, ya ƙudurta a ransa cewa idan ya ƙare ya ƙare.

In roƙon ya zo, kada a yi gaggawa. A gaisa, a tambayi gida da ruwan sama, a bar mai roƙo ya kai ƙarshen zancensa, domin wanda aka katse yakan ji zafin katsewar fiye da na hanawa. Sannan a bincika a hankali: na mene ne, nawa ne, yaushe ake bukata? Idan na cimaka ne, ni a ganina gara a aika wa wani amintacce ya auno tiya goma ta hatsi a kasuwa ya kai har zaure, saboda kuɗin da aka tura ta Nita ko Al Izza sukan bi hannuwa uku kafin su ga turmi. Idan na magani ne, ba a jinkiri.

Wurin da zumunci ya fi tsinkewa shi ne tsakanin kyauta da rance. Mai karɓa ya ce aro, alhali a zuciyarsa kyauta yake nufi. Mai bayarwa ya ce ba komai, alhali yana lissafin kaka. To, a furta. In kyauta ce, a ce: "Kawu, wannan naka ne, babu biya." In rance ne, a sa lokaci, a rubuta, a kafa shaidu, domin aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, a kan wannan ta sauka. Abin mamaki, matan ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991, sun fi mazajensu kiyaye wannan ladabi, don kuwa a gaban kowa suke buɗe akwatinsu su ƙirga.

Saura hanawa. "Sai na gani" ita ce mafi sharrin amsa, domin takan sa bawan Allah ya ci bashin hatsi wurin ɗan kasuwa bisa dogaro da alkawarin da ba a yi ba. Gara a ce: "Yaya, wallahi wannan watan babu hali, amma ga jaka biyu, a yi cefane." Zai yi shiru kaɗan, ya ce Allah ya ƙara buɗi, wataƙila kuma ba zai sake kira ba sai bayan Sallah.