Daga Murgu Zuwa Takardar 'Yanci: Yadda Bauta Ta Ƙare a Ƙasar Kano

Jama'ar Shanono da maƙwabtansu na Bagwai da Gwarzo da Tsanyawa, wannan takarda taku ce. In an tambayi mutum yaushe aka daina bauta a ƙasar nan, amsar da ya fi saurin bayarwa ita ce, "Ai da zuwan Turawa." Amsar nan ba ta cika ba. Sojan Ingila sun ci birnin Kano ran 3 ga Fabrairu, 1903, amma dokar da ta ce babu sauran bawa a Arewacin Nijeriya ba ta fito ba sai 1936. Shekara talatin da uku ke nan a tsakani, ana ja-in-ja tsakanin bawa da ubangijinsa, da alƙali, da sarki, da Razdan. Wanda bai san kalmomin da aka yi wannan ja-in-ja da su ba, labarin zai shige masa duhu.

Wa ya halatta a bautar?

Mutanen dā sun kasa jama'a gida biyu, ɗa da bawa. Ɗa shi ne wanda ba mai iko da wuyansa. Bawa kuwa dukiyar wani ne, ana sayar da shi, ana kyauta da shi, ana rabon gadonsa tare da shanu da gonaki. Babbar gardamar malamai ita ce wa ya halatta a mayar bawa, kuma tsohuwar gardama ce. Wajen shekarar 1615 Shehu Ahmad Baba na Tambutu ya amsa tambayar mutanen arewacin Sahara, ya ce baƙar fata ba ta sa mutum ya zama bawa, ya kuma lissafa Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen Musulmi waɗanda bai halatta a bautar da mutanensu ba.

Wannan magana tana cikin abin da ya tayar da jihadi. Mayaƙan Sarkin Gobir Yunfa sun kama mutanen Malam Abdussalami na Gimbana, suka biyo da su ta Degel a ɗaure, jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka kwance su. Ba a daɗe ba aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. To, amma a lura, abin da Shehu da jama'arsa suka yi ƙorafi a kai shi ne bautar da Musulmi ɗa. Bautar kanta ta ci gaba, har ma ta ƙaru, domin yaƙi bai tsaya ba. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa wajen 1900 bayin da ke daular Sakkwato sun kai tsakanin miliyan ɗaya da miliyan biyu da rabi.

Akwai kuma amana. Maguzawa, waɗanda har yau zuriyarsu ke noma a yammacin Kano, mutanen amana ne: suna biyan jiziya, hukuma tana kare su, ba a kai musu hari. Haka yake a shari'a. Amma mahayin da ya fito hari ba ya tsayawa tambayar wa ke salla, wa ke da amana. Mayaƙan Maraɗi sun addabi ƙasar Katsina da yammacin Kano, shi ya sa garuruwa irin su Gwarzo suka zama ribaɗi, wato garin tsaro mai ganuwa a bakin iyaka. Ningawa kuma sun addabi kudancin Kano. Mu ma namu mayaƙan suna fita su kamo na wasu, har a tura wasu Sakkwato cikin gaisuwar shekara. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Gandu, gayauna, murgu

Baturen Jamus ɗin nan Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa bayin da ake fita da su daga Kano a shekara ba su wuce dubu biyar ba. Wasu Sahara aka ƙetara da su zuwa Tarabulus. Wasu kudu aka yi da su har bakin teku, shi ya sa tarihin Bahiya ta ƙasar Barazil yake cike da tawayen bayi Hausawa tun 1807. Amma mafi yawan bayi nan gida suka tsaya, kuma gona aka kai su.

Ƙauyen bayi shi ake kira rinji, a ƙasar Kano kuma an fi cewa gandu. Fanisau da Ɗorayi da Gandun Nasarawa duk gandayen sarauta ne. Mai kula da aiki shi ne sarkin gandu, shi ma bawa ne. Da hantsi ake fita da fartanya a jeru a kunya, a yi ta noma gonar ubangiji, a kawo abinci gona da rana. In azahar ta yi sai a tashi. Abin da ya rage na yini na bawa ne, ya tafi gayaunarsa, wato ɗan filin da aka yanka masa, ya shuka gero ko wake ko auduga. Abin da gayauna ta bayar shi yake rufa masa asiri, in ya yi tattali kuma daga nan yake tara wuri.

Wanda aka haifa cikin bauta shi ne bacucane, jam'i cucanawa, mutanen Zazzau kuma su ce dimajo. Ya tashi da Hausa a bakinsa, yana salla, kuma abin kunya ne a kai shi kasuwa. Kunya ce kawai ta kare shi, domin in ubangiji ya mutu da bashi, ko yunwa ta shigo, magada ba su cika tuna kunya ba.

Murgu shi ne kalmar da ta fi kowace rikita mutane, don haka a tsaya a kanta. Bawa mai sana'a, ko marini ko masaƙi ko ɗan koli, yakan nemi ubangijinsa ya sake shi ya yi aikin kansa, shi kuma ya riƙa kawo wani abu sananne duk mako ko duk shekara. Abin nan da yake kawowa shi ne murgu. Ko da ya shekara ashirin yana biya, ba abin da ya ragu daga bautarsa. Fansa daban take. Fansa kuɗin wuyan bawa ne gaba ɗaya, wanda in ya cika, ko shi ya biya ko danginsa, ya zama ɗa. Murgu kamar kuɗin hayar gona ne, fansa kuwa sayen gonar. Akwai kuma 'yantarwa don Allah, ko don kaffarar rantsuwa ko ta azumi, akwai wanda ubangiji kan yi wa alkawarin 'yanci bayan ransa. Jingina kuwa ɗa ne aka ajiye a hannun mai bin bashi har a biya. Ba bawa ba ne, sai dai da yawa sun shiga ta wannan ƙofa ba su fito ba.

Ta wajen mata, baiwa mai aikin gida ita ce kuyanga. Wadda ubangiji ya sa a ɗaka ita ce sa-ɗaka ko ƙwarƙwara. In ta haifa masa, ɗan ɗa ne cikakke, yana gado, yana iya sarauta, ita kuma ba a sayar da ita, ranar da ubangijin ya mutu ta 'yantu. Sarakuna da yawa a ƙasar Hausa ta wannan hanya aka haife su. Mai gorin asali ya riƙe wannan.

Bayin sarki

Ba kowane bawa ne ke riƙe da fartanya ba. Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya hau a 1819, ya dogara da bayin fada, ya raya sarautunsu irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama. Su ke riƙe da dawaki da makamai da gandaye, ta hannunsu ake ganin sarki, har hakimi ɗan sarauta yakan yi musu ladabi. A 1908 Razdan Cargill ya ɗaga Ɗan Rimi Allah Bar Sarki ya zama Wazirin Kano, ko da yake abin bai daɗe ba. Ƙarfinsu bai karye ba sai wajen 1926, da Sarki Abdullahi Bayero ya hau. Irin waɗannan ba su yi ɗokin a hana bauta ba, don ita ce tsanin da suka hau.

Abu uku da ake haɗawa wuri ɗaya

Hana cinikin bayi daban, soke matsayin bauta a gaban shari'a daban, hana bautar kanta kuma daban. Ko a Ingila haka aka bi: an hana fataucin bayi a 1807, amma dokar 'yanta bayin ƙasashen da take mulka sai 1833. Amurka sai da aka yi yaƙin basasa kafin a kai ga haka a 1865, Barazil kuwa sai 1888.

Gwamna Lugga ya shigo da sunan zai kashe harin bayi, domin ƙasashen Turai sun yi alkawarin haka a taron Burasal na 1890. Wannan kam ya yi: an rufe kasuwannin bayi, an hana hari, wanda aka kama yana safara a ɗaure shi. Yaran da aka ƙwato ba a san gidajensu ba aka tara su a gidan 'yantattun bayi na Zungeru. Sa'an nan shelarsa ta 1901 ta ce duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris, 1901, ɗa ne, ta kuma soke matsayin bauta a kotunan Turawa. Ma'anar wannan ita ce kotun Bature ba za ta kama bawan da ya gudu ta mayar wa ubangijinsa ba. Amma mallakar bawa ba ta zama laifi ba. Wanda ke da bayi ya ci gaba da zama da abinsa.

Me ya sa aka tsaya rabin hanya? Saboda mulkin Lugga a kan sarakuna da hakimai ya jingina, su kuwa arzikinsu yana gandu. Ya kuma ji tsoron gonaki su koma saura, haraji ya faɗi. Da bayi suka fara gudu dubu-dubu, sai aka toshe musu hanya ta bayan gida: wanda ya gudu ba a ba shi gona a wani gari, in an gan shi yana gararamba a kama shi da laifin zaman banza. Tashin Satiru na 1906, kusa da Sakkwato, inda bayi gudaddu da yawa suka shiga, ya ƙara wa Turawa da sarakuna tsoro, aka murƙushe garin ba tausayi. A ganina, wanda ya ce Turawa sun 'yanta bayi ya ba su ladan da ba su yi aikinsa duka ba. Sun kashe kasuwar, sun bar wa bawa ya sayi kansa da guminsa.

A zauren alƙali

Ga yadda fansa take gudana a zamanin Turawa. Bawa ya zo gaban alƙali ya ce yana son fansar kansa. A kira ubangiji. A dā sai ya ga dama zai yarda, a lokacin kuwa ba shi da ikon ƙi. Alƙali ya yanka kuɗi, a yi shaidu, malamin kotu ya rubuta a littafi. Bawa ya koma yana biya kaɗan-kaɗan, wani lokaci ga murgu a kansa, ga kuma harajin En'e. Ranar da ya cika, a miƙa masa takardar 'yanci. Dubban mutane ta haka suka fita. Abin da ya taimake su shi ne jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911, da cinikin gyaɗa da ya buɗe daga 1912. Gyaɗar gayauna ta fanshi mutane da yawa.

Mata ne suka fi shan wuya. Sau da yawa ba a sakin baiwa sai wani namiji ya biya fansarta, daga nan ta zama matarsa ko sa-ɗakarsa, ko tana so ko ba ta so. Satar yara a ɓoye kuma ta ci gaba shekaru. Sai da Majalisar Ƙasashen Duniya ta wancan zamani ta yi yarjejeniyar hana bauta a 1926, ta yi ta matsa wa Ingila lamba, sa'an nan dokar 1936 ta fito. A lokacin yawancin waɗanda aka kamo da hari sun tsufa ko sun rasu.

Inda muke yau

Sashe na 34 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya haramta riƙe kowa cikin bauta. A 2003 aka kafa hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane, a shekarar kuma Nijar ta mayar da bauta laifin da ake ɗaure mutum a kansa. A 2008 kotun ECOWAS ta ba Hadijatou Mani gaskiya a kan gwamnatin Nijar, saboda an sayar da ita tana yarinya, hukuma ba ta kare ta ba. Wannan a zamaninmu aka yi, kuma a maƙwabta. Ita ma fansa ta dawo bakin mutane, tun da ɓarayin daji suka fara ɗaukar bayin Allah suna neman kuɗi.

Saboda haka, jama'a, in wani ya zo yana neman a ba shi yarinya ya kai ta aikatau birni ko ƙasar waje, a san inda za ta, a san hannun da za ta shiga, in an ga alamar rashin gaskiya a sanar da mai unguwa ko dagaci. In kuma ana binciken aure, a tambayi halin yaro da addininsa da sana'arsa. Tun 1936 babu bawa babu bacucane a ƙasar Kano, kada wani ya hana 'yarsa miji saboda kakan da aka kamo a hari.