Abin da Ke Sa a Sāke Gada a Fadamar Haɗeja

Da yawa daga cikinmu suna zaton tsufa ne kaɗai ke sa a rushe gada a gina wata. A ƙasa irin ta Auyo, sau da yawa ƙarfe da siminti suna nan da sauran ƙarfinsu, kogin ne ya sāke hali.

Kogin Haɗeja yana samun ruwansa daga kogin Kano da kogin Challawa. A dā yakan cika da damina, ya janye da rani har a taka yashi a haye. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, sai ruwa ya koma gudana kusan duk shekara. Manoman shinkafa sun ji daɗin haka, amma kachalla ta fi kowa jin daɗi. Ta cika hanyoyin ruwa, tana tare laka da yashi, cikin kogin yana ta cikewa.

To, mu duba abin da wannan ke yi wa gadar da aka auna da kogin dā. Laka ta taru, sararin da ke ƙarƙashinta ya ragu. Ruwan Agusta da Satumba ya zo bai sami isasshiyar kafa ba, sai ya matsu ya ƙara gudu, yana ƙwaƙule yashin da ke gindin ginshiƙai. Daga sama ba a ganin kome, direba yana wucewa hankali kwance, alhali ƙafar gadar tana rasa abin takawa. Ita ma hanyar da aka tāda da ƙasa zuwa bakin gadar takan zama shinge, ta mayar da ruwa cikin gonaki da gidaje. Duk wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 a yankin nan ya san yadda kwalekwale ya maye gurbin mota, mai ciki da buhun shinkafa duk suna jiran masu fito.

Saboda haka sabuwar gada ba za ta zama kwafin tsohuwa ba. Dole ta fi ta tsawo da tsayi, a kafa ginshiƙanta can ƙasa inda zaizaya ba ta kai, a kuma bar kwalbatoci a jikin hanya. Da rani ake wannan aiki, bayan an yi wa matafiya ratse.

Saura tsohuwar. Mu dai ba mu ga dalilin sayar da ita ga 'yan gwangwan ba in tana da tarihi. Ƙaramar gadar ƙafa da aka gina a Zungeru a 1904, zamanin Lugga, kwance ta aka yi, aka kai Kaduna aka sāke haɗawa a lambun Gamji. A 1956 aka sa ta cikin kayan tarihi na ƙasa.