Yadda Ake Binciken Sammacin Kamu a Tanut da Belbeji

A Nijar alƙali ne ke sa hannu a sammacin kamu, galibi alƙali mai bincike, sannan a miƙa wa jandarma ko 'yan sanda su zartar. Ba a liƙa sunayen waɗanda ake nema a allo ko a intanet, domin doka ta sa sirri a kan bincike tun kafin shari'a.

Mutumin Damargu, wato yankin Tanut, da ke zargin an fitar masa da sammaci, hanya mafi aminci gare shi ita ce lauya, wanda zai tuntuɓi magatakardan kotun Tanut ko ofishin mai gabatar da ƙara na babbar kotun Damagaram. Wanda ba shi da hali yana iya neman hukumar ANAJJ, wadda aka kafa a 2011 don tallafa wa marasa ƙarfi a harkar shari'a. Zuwa ofishin jandarma da kai domin tambaya kasada ce: idan sammacin na nan, a nan take za a riƙe mutum.

Ana yawan ruɗa sammaci da takardar kaziye, wadda ake karɓa a kotun yankin da aka haifi mutum. Hukuncin da aka riga aka yanke kawai take nunawa, don haka fitowarta fes ba ta nufin ba a neman mai ita.

Sai a 2011 aka ware Belbeji daga Tanut, saboda haka tsohuwar ƙara daga yankin Tarka, wato Belbeji, a Tanut ya kamata a fara neman ta, da cikakken suna, sunayen iyaye da takardar haihuwa.