Wane irin kare ya dace da gidana?

Tambaya: Malam, ina zaune a Tina Junction, Jos. Gidanmu ƙarami ne, ga yara uku. Ina neman karen gadi, maƙwabta sun ce in sayi Kokeshiyan. Me ka gani?

Amsa: 'Yar'uwa, ban ba ki shawarar Kokeshiyan ba. Gaskiya ne sanyin Jos ya karɓe shi, domin daga duwatsun Kokasas ya fito, amma namijinsa kan haura kilo 50, ga ci, ga taurin kai. A ƙuntataccen gida, ɗaure da sarƙa yini guda, zafin rai yake yi, yara kuwa ba su san wasan da ba ya so ba. Gashinsa kuma maɓoyar kaska ce. Sai kin riƙa taje shi kina duba bayan kunne da tsakanin yatsu.

Alseshiyan, wato karen Jamus, ya fi saurin karɓar horo da sabo da iyali, muddin akwai mai zagayawa da shi kullum. Kada kuma ki raina karenmu na gida. Yana jure cuta, abincin gida ya ishe shi, haushinsa kuma na tashin unguwa.

Ko wanne kika zaɓa, ki ga uwarsa da idonki, ki karɓi katin rigakafi. Allurar cutar fabo tana farawa daga mako 6, ta haukan kare a wata 3, sannan duk shekara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom tana haɗa allurar haukan kare, likitocin dabbobi na Jos kuma suna yi wa karnuka ita.