Darasi: Lamunin Karatu da Lissafin Gida



Iyaye da dama a Kebbe da Tambuwal sun zo mana da tambaya guda: shin yaranmu da suka sami gurbi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Jami'ar Jihar Sakkwato su karɓi lamunin karatu na gwamnati? Waɗansu kuma sun ce sun ji ana cewa a ƙarshe yafewa za a yi. Ya kamata mu zauna mu duba wannan magana da hankali.

A watan Afrilu 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar lamunin ɗalibai, aka buɗe neman lamunin a watan Mayu ta hannun asusun NELFUND. Ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, a ba ɗalibi kuɗin guzuri, wanda aka fara da naira 20,000 a wata. Babu kuɗin ruwa, ba a kuma neman mai tsaya wa ɗalibi. Biya yana farawa shekara 2 bayan gama hidimar ƙasa, inda ake cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Yafewa kuwa, dokar ta keɓe ta ga wanda ya rasu, ko wanda wata ƙaddara ta hana shi ikon biya. Wanda bai sami aiki ba yana iya neman a ɗaga masa lokaci, amma bashin yana nan a wuyansa.

Gaskiya ne Ikkilisiya tana wa'azin yafe bashi. Littafin Firistoci, sura 25, ya kafa shekarar Jubili, kuma a Jubilin 2025 Paparoma Faransis ya roƙi ƙasashe masu arziki su yafe wa matalautan ƙasashe. Nijeriya kanta ta sami sassaucin dala biliyan 18 a 2005. Amma jinƙai ga wanda ya kasa ne. Wanda ya karɓa da niyyar ƙin biya ya keta doka ta bakwai, gama ya ɗauki abin da ba nasa ba. Mu tuna a 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar lamunin ɗalibai, ta durƙushe domin mutane da yawa sun ci ba su mayar ba. Waɗanda suka sha wahalar wannan kuwa 'ya'yan talakawan da suka biyo baya ne. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

A Luka sura 14 Ubangiji ya koya mana cewa mai gini yakan zauna ya ƙididdige kuɗi kafin ya sa harsashi. Ga misali: wanda ake bi naira 500,000, in albashinsa naira 70,000 ne, wato mafi ƙarancin albashin da aka tsayar a 2024, zai riƙa biyan 7,000 a wata har kusan shekara 6. Tun ran gini ran zane.

Saboda haka muna ba kowane gida shawara huɗu. Na ɗaya, uba da uwa da ɗalibi su zauna tare su rubuta kuɗin makaranta, ɗaki, abinci da mota na shekara guda. Na biyu, a ware buhunan gero ko shinkafa na karatu tun da kaka, kada a sayar da su duka lokacin da farashi ya faɗi. Na uku, adashin Zumuntar Mata ya riƙa fitowa daidai lokacin rajista. Na huɗu, a ranci abin da ya rage kawai. Wanda gidansu ke iya ciyar da shi, kada ya nemi kuɗin guzuri. Ɗalibi kuma ya adana kowace takarda, ya tabbata makaranta ta shaida shigar kuɗinsa.

Tambayar tattaunawa bayan Masa: a gidanmu, wa ya san adadin bashin da ake binmu?

Allah ya ba mu hikimar lissafi da zuciyar cika alkawari. Amin.