Kantin Inna yana cikin salula

Dakoro gari ne a arewacin jahar Maradi. Tsakaninsa da birnin Maradi kusan kilometir 120 ne. Nan manoma da makiyaya suke haɗuwa. Ran kasuwa Fulani da Buzaye sukan gangaro daga wajen Bermo da Gadabeji da shanu da raƙuma da awaki. Matansu kuwa sukan zo da cuku.

Da madara ake yin cuku. In madarar ta daskare sai a shimfiɗa ta da faɗi, a shanya ta a rana. Cuku ba shi da nauyi, kuma yakan daɗe bai lalace ba. Mutanen birni suna son shi ƙwarai. Wasu su ci da shayi, wasu su daka shi cikin fura.

Akwai wata mata a Dakoro, sana'arta sayar da cuku. Tana saye wajen makiyaya, tana sayarwa a bakin tasha. Da ribar take ciyar da gida. Wata shekara damina ba ta yi kyau ba. Hatsi ya yi tsada, matafiya suka ragu, ciniki ya ja baya. Autanta yana aji shida a lakwal. Ran nan da dare ya same ta tana ƙirga kuɗi, ta yi tagumi.

Ya ce: «Inna, mutanen Yamai suna neman cuku, mu kuma ga shi ya yi mana yawa. Me zai hana mu buɗe kanti cikin salula?»

Ta ce: «Auta, kanti ba ƙofa ba rumfa? Wa zai shiga?»

Ya ce: «Hoto ne ƙofar, Inna. Wanda ya ga hoton sai ya kira mu.»

Abin da Auta yake nufi shi ake kira ciniki ta intanet. Mai kaya ya ɗauki hoton kayansa, ya rubuta farashi da lambar wayarsa, ya sa inda jama'a za su gani. Da yawa a Nijar ta WhatsApp da Facebook suke yi. An buɗe Facebook a Amurka a shekarar 2004, WhatsApp kuma a 2009. Mai saye yakan aiko da kuɗi ta gidajen aika kuɗi irin su Nita da Amana, ko ta Airtel Money. Sa'an nan a ba direba kayan a tasha, ya kai masa.

Inna ta yarda. Suka ɗaure cuku goma goma cikin takarda mai tsabta. Kowane ƙunshi ribarsa jika ɗaya, wato tamma 1000. Auta ya ɗauki hoto da safe, lokacin da haske yake da kyau. Suka yi talla ta hanya huɗu. Suka sa hoton a WhatsApp. Suka sa shi a Facebook. Suka biya gidan radiyo ya yi sanarwa. Yayar Auta da ke aure a Yamai ita ma ta riƙa gaya wa maƙwabtanta.

Bayan kwana goma ciniki ya soma. Inna ta yi murna, ta ce: «Radiyo ne ya kawo su. Bari in sayar da akuyata in ƙara biyan sanarwa.» Auta ya ce: «A'a, Inna, Facebook ne. Mutum fiye da ɗari sun yaba hotonmu.» Gardama ta yi tsawo, kuma ba wanda yake da shaida.

Da gari ya waye Auta ya kai maganar wajen malaminsu. Malam ya ce: «Manomin da ya shuka gero a gona huɗu, in ya zuba damman wuri guda bai ƙirga ba, yaya zai san gonar da ta fi albarka? Baɗi sai ya kai taki inda bai kamata ba. Kada ku sayar da akuya tukuna. Ku tambayi kowane mai saye inda ya ji labarinku, ku rubuta.»

Auta ya sami littafi. Ya ja layi biyar a kowane shafi: kwanan wata, garin mai saye, yawan ƙunshi, kuɗin da ya biya, da hanyar da ya ji labari. Duk wanda ya kira, bayan gaisuwa sai Inna ta ce: «Hajiya, a ina kika ji labarinmu?» Auta ya rubuta amsar nan take, don kada a manta.

Wasu masu saye ba su tuna inda suka ji ba. Sai Auta ya yi dabara. Ya ba kowace hanya kalmarta. A radiyo aka ce wanda ya kira ya ambaci «taguwa» za a yi masa gyara. A Facebook aka rubuta «barewa», a WhatsApp kuma «zabo». Da jin kalmar sun san ƙofar da mutum ya shigo. Manyan kantunan intanet ma haka suke yi. Sukan sa wa kowace talla alama daban, kwamfuta ta ƙirga mutanen da kowace alama ta kawo.

Da wata ya cika suka haɗa lissafi. Sun sayar da ƙunshi 40. Ga yadda abin ya kasance:

WhatsApp: ƙunshi 18, an kashe tamma 1800 na intanet.
Baki da baki: ƙunshi 14, ba a kashe ko dala ba.
Facebook: ƙunshi 6, an kashe tamma 3000.
Radiyo: ƙunshi 2, an kashe tamma 6000.

Auta ya raba kuɗin kowace hanya da yawan ƙunshin da ta sayar. A WhatsApp kowane ƙunshi ya ci dala 20. A Facebook ya ci dala 100. A radiyo kuwa ya ci jika uku, alhali ribarsa jika ɗaya ce. Ashe kowane ƙunshin radiyo hasarar jika biyu ya jawo.

Inna ta riƙe baki, ta ce: «Da na sayar da akuyata a banza!» Auta ma ya sunkuyar da kai, don masu yabon hoto ɗari, shida kaɗai suka saya.

Malam ya duba littafin, ya nuna musu dalili. Masu jin radiyon mutanen Dakoro ne da ƙauyukan kewaye. Su kuwa cuku yana kasuwarsu, ba su bukatar a aika musu. Da takin zamani ko maganin dabbobi Inna take sayarwa, da radiyo ya fi kowace hanya amfani. Ya ƙara ja musu kunne kan abu biyu. Na farko, lissafin wata ɗaya bai isa a yanke hukunci ba, don cinikin azumi daban yake da na damina. Na biyu, wani yakan ji labari wajen maƙwabcinsa, daga baya ya ga hoto a WhatsApp, sa'an nan ya saya. Irin wannan a rubuta masa hanya biyun.

Inna ta daina biyan sanarwa. Ta riƙa ƙara cuku ɗaya ga duk wanda ya kawo mata sabon mai saye. Kuma ba ta kai kaya tasha sai kuɗi sun shigo hannunta, don akwai macuta masu aiko da hoton takardar biya ta ƙarya. Akuya ta zauna a gida, har ta haifi ƴaƴa biyu.

Kalmomi

Talla: sanar da jama'a abin da ake sayarwa.
Gyara: ɗan ƙarin da mai kaya yake yi wa mai saye.
Dala: tamma 5. Jika: tamma 1000, wato dala 200.

Tambayoyi

1. Me ya sa cuku ya dace da aikawa nesa?
2. Waɗanne hanyoyi huɗu Inna ta bi don yin talla?
3. Don me radiyo bai kawo masu saye da yawa ba?
4. Mene ne amfanin kalmomin «taguwa» da «barewa» da «zabo»?

Lissafi

1. Nawa ne ribar ƙunshi 40 kafin a cire kuɗin talla?
2. Nawa aka kashe a talla duka? Nawa ya rage wa Inna?
3. Da ba a biya radiyo ba, aka rasa ƙunshi 2 ɗin nan, nawa za ta samu?

Aiki

Ku je wajen wani mai sana'a a unguwarku. Ku gaishe shi da ladabi, ku tambaye shi yadda masu saye suke jin labarinsa. Ku ja layi biyar cikin littafinku kamar na Auta, ku kawo aji ran Litinin.